Baƙon da Muka Gada

Gidanmu a Illela masauki ne tun zamanin kakana. Duk wanda ya taho da kaya daga nesa, ko goro daga kudu, ko gishiri da dabino daga arewa, ko shanu daga daji, yana buƙatar gidan da zai sauke kaya, ya ɗaure dabbarsa, ya sami ruwa da tuwo, ya kuma sami wanda zai shige masa gaba a kasuwa. Wannan ita ce sana'ar mahaifina. Ba ya sayar da komai nasa. Ranar Lahadi, wato ranar kasuwarmu, yakan raka baƙonsa har inda zai baza kaya, ya tsaya kusa da shi, ya nemo masu saye, ya daidaita ciniki. In rigima ta tashi shi ake kira, don shi gari ya sani. Baƙo yana ba shi la'ada in ya sayar, amma abin da Baba ya fi dubawa shi ne baƙon ya dawo baɗi, in ƙafarsa ta gaza kuma ya turo ɗansa. Yawancin baƙinmu gadonsu muka yi. Uban wane ya sauka wurin kakana, wane yana sauka wurin Baba, ana kuma sa ran ɗansa zai sauka wurina.

Ni kuwa ba a ga alamar zan iya ba. Ina makarantar midil a Sakkwato, sai hutu nake zuwa gida, in zaure ya cika da baƙi gaisuwa kaɗai nake iyawa, sai in koma gefe da littafina. Baba yakan ce sana'armu ta baki ce, ni kuma an haife ni da nawa a ɗinke. Amfanina guda ne a zauren nan, karatun jarida. Motar Sakkwato takan kawo jaridar Hausa bayan ta kwana biyu a hanya, sai a miƙo mini. Ina karantawa tun daga sama har ƙasa, har tallan sabulu da na maganin tari, don ban san wanda ya ba ni ikon tsallake wani abu ba.

A shekarar da nake magana Turawa suna nan tukuna, amma kowa ya san sun fara ɗaure kaya. An ce bayan kaka za a yi babban zaɓe, kowane magidanci zai shiga ɗaki shi kaɗai ya jefa takarda a akwatin da ransa ya so. Baba yana jam'iyyar da manyan ƙasa suke ciki, kamar yawancin mutanen garinmu. Ba don tsoro ba. Ya yarda da ita har zuciyarsa, yana da bajonta na ƙarfe da yake maƙalawa a ƙirjin riga, in an ambaci jagoransu sai ka ga ya gyara zama.

Wata Alhamis da la'asar motar Sakkwato ta sauke mana wani baƙo da muka sani sarai. Mutumin Gusau ne, mai sayar da atamfa. Mahaifinsa ya yi shekaru yana sauka wurin kakana, har akwai ɗakin da ake kira nasu a bayan zaure. Mu yaran gida Kawu muke ce masa. Gajere ne, mai ƙatuwar murya, in ya yi dariya sai an jiyo daga cikin gida. Kowace shekara da dila-dilan atamfa yake zuwa. Wannan karon keke aka sauko masa da shi daga saman mota, da ƙunshin takardu, da wani bututun gwangwani mai faɗin baki wanda ake magana a ciki don murya ta yi nisa. A ƙirjinsa akwai bajo, amma ba irin na Baba ba. Na jam'iyyar adawa ne.

"Maigida, ga baƙonka," in ji shi, yana cire takalmi a bakin zaure.

Baba ya dubi bajon, ya dubi keken, ya sake duban bajon.

"Ina kaya?"

"Wanga karo magana na kawo."

"Magana ba ta da la'ada."

"To ai ba sai ka nemo mata jaki ba. Ka huta."

Na ɗauka Baba zai ƙara wani abu. Sai ya juyo gare ni ya ce in ɗebo wa Kawu ruwa, in kuma ce wa Inna a share ɗakin mutanen Gusau.

Washegari da safe aka fara. Akwai wani mai dabino daga Tawa, can cikin ƙasar Faransa, da yake gidan a lokacin, shi ya zama ɗan kallo. Aka kawo koko da ƙosai, aka miƙo mini jarida. A ciki akwai labarin wani taro da jagoran su Baba ya yi, an ce jama'a ta cika fili har wasu sun hau itatuwa.

"Tsaya," in ji Baba. "Maimaita wurin itatuwan nan, baƙona bai ji ba."

Na maimaita.

"Na ji," in ji Kawu. "Yanzu karanto mana wanda ya biya motocin da sunka kwaso su daga ƙauye."

Na duba da kyau, na ce ba a rubuta ba.

"Ba za a rubuta ba. Namu in ya zo gari da ƙafa mutane ka tahowa, ba wanda ya ce ma mai unguwa ya tattaro su."

"Da ƙafa sunka zo don ba ku da mota," in ji Baba. "Ku ko keke sai an yi karo-karo. Mutum shina son ya riƙe ƙasa, bai taɓa riƙe ko unguwa ba."

"Naku ya daɗe shina riƙe da ita. Mi talaka ya gani?"

"Ya ga rijiya. Ya ga ɗakin shan magani. Ɗana ga shi nan shina karanta maka jarida kyauta, wa ya gina makarantar?"

"Harajina ya gina ta."

Mai dabino ya ajiye ludayinsa ya ce su can sun riga mu yin wannan wasan, kuma wanda aka fi yi wa tafi a kasuwar Konni ba shi ya ci ba. Ya ce tafi ba ya hana mutum yin abin da ya ga dama in ya shiga ɗaki shi kaɗai. Baba da Kawu duk suka ce ai maganarsu ke nan, kowa yana ganin da shi aka goyi baya.

Daga bayan ƙofar cikin gida Inna ta ce ko za a sha kokon ne, ko ta mayar wa yara. Kawu ya ɗaga murya ya ce, "Uwargida, in munka ci, har ku mata za ku jefa ƙuri'a." Inna ta ce in ya ci ya fara da aiko mata da turmin atamfar da ya yi mata alkawari bara, ƙuri'ar ta biyo baya.

Ni a lokacin daɗin abin nake ji. Ban taɓa ganin wanda ya tsaya ya mayar wa Baba magana ɗaya bayan ɗaya a zaurensa ba, ban kuma taɓa ganin Baba yana cin ƙosai da irin wannan kuzari ba.

Bayan an sauko daga Juma'a, Kawu ya hau kekensa ya tafi neman 'yan jam'iyyarsa, waɗanda ba su da yawa, yawancinsu teloli ne da masu gyaran keke. Yana fita sai ga wani dattijo ya yi sallama. Sa'an Baba ne, tare suka yi karatun allo, amma yanzu yana cikin masu faɗa a ji a jam'iyya da kuma kara, inda ake cinikin shanu. Na tashi zan fita, ya ce in zauna, ai magajin gida ne, gara in ji.

Bayan doguwar gaisuwa ya ce, "An ce kana da baƙo."

"Kullum ina da baƙi."

"Ka san wanda nike nufi. An ce ya samo takardar izini zai yi lacca ranar kasuwa. Takarda ba mu da iko da ita. Amma ba a so a ce daga gidanka ya fito. Ka sallame shi kafin Lahadi. Ba a ce ka wulaƙanta shi ba, ka ce ɗaki ya cika."

"Ɗakin ubanshi ne. Shi ya san ba kowa ciki."

"To ka ce wani abu. Kai ba a koya maka magana."

"Ni da ku nike," in ji Baba, ya taɓa bajonsa. "Kowa ya sani. Ƙuri'ata taku ce, da ta duk wanda ke jin maganata."

"Ba ƙuri'arka anka aiko ni nema ba." Dattijon ya sassauta murya. "Ina gaya maka don zumunci. In ya kwana nan ranar Asabar, shanun da za su shigo gari za a nuna musu wata ƙofa."

Ko ni da ba na shiga harkar kasuwa na san nauyin wannan magana. Goro da dabino suna kawo ɗan abin cefane, amma shanu su suke riƙe da gidanmu. Makiyayi in ya doso gari da dabbobinsa, tun a hanya yaran kara suke tarye shi. In manyan kara suka ce a karkata da shi wani gida, a ce masa masaukinsa na da ya shiga rikici da hukuma, ba zai tsaya bincike da garke a bayansa ba. Bafillace ba abin da yake gudu kamar gidan da idon hukuma ke kai.

Baba ya raka dattijon har bakin hanya, ya dawo ya zauna. Na buɗe littafina, na daɗe a shafi guda.

Ranar Asabar da hantsi Inna ta kira shi cikin gida. Ni ina tsakar gida ina wanke rigar makaranta. Inna ba mai tsoro ba ce, amma ita take auna hatsi, ita ta san bakin da ke ci a gidan. Ta kawo shawara wadda har yau nake ganin ta hankali ce. Ta ce Konni ga ta nan, tafiyar da ba ta kai a gaji ba, kuma ƙanenta yana can. Kawu ya tsallaka ya kwana wurinsa, da safe ya shigo kasuwa kamar kowane mutumin ƙasar Faransa. Ba a kore shi ba, ba a kuma ce daga gidanmu ya fito ba.

Baba ya yi tunani. Na ga ya so ya karɓa. Sannan ya ce, "Sai a ce ɗan wane ya tsallakar da baƙon ubanshi wata ƙasa ya ɓoye, kamar kayan da ba a biya ma kwastan ba."

"A ce. Faɗa ba ta cika rumbu, ba ta kuma rage shi."

"Tana rage shi. Gidan ga ba mu da gona, ba mu da shago. Abin da mutane ka faɗa a kanmu shi muka ci."

Inna ta ce to, Allah ya sa abin da za su faɗa ya yi kauri a tukunya. Ta koma ga aikinta.

Maganar ta riga ta zaga gari, don haka Kawu ma ya ji. Da azahar ya fito daga ɗaki da ƙunshin takardunsa ɗaure a bayan keke. Wannan karon ba dariya.

"Maigida, na ji abin da anka ce maka. Ni ban zo in kashe maka gida ba. Zan koma tasha, akwai rumfar wani tela, nan zan kwana."

A nan ne na ga Baba ya yi fushi na gaske, wanda bai yi wa dattijon ba.

"Ka zo ka ɓata mini kasuwa, yanzu kuma kana son ka ɓata mini suna? A ga baƙona kwance a tasha kamar wanda ba shi da kowa? Kwance kayan ga."

"Maigida..."

"Ubanka ya taɓa kwana tasha a garin ga? Kwance, na ce. Gobe kuma ba ka fita sai na shirya."

"Shirya zuwa ina?"

"Kasuwa mana. Wane baƙo nawa ya taɓa shiga kasuwa ba ni gaba?"

Kawu ya kwance ƙunshin takardunsa daga bayan keke. Ni ma sai a lokacin na gane abin da Baba yake nufi. A wurinsa ba a yin rabin masauki. In ka ba mutum ɗaki, to sai ka raka shi inda zai baza kayansa, ka tsaya har ya tashi.

Ranar Lahadi Baba ya sa babbar rigarsa ta zuwa Idi, ya goge bajonsa da toka har yana ƙyalli, ya maƙala shi inda makaho ma zai lura. Ya shige gaba. Kawu yana biye yana tura keke, da nasa bajon. Ni ina baya da tabarma, ina jin kamar duk idon garin a wuyana yake. Muka ratsa 'yan goro, muka ratsa masu gishiri. Baba yana gaisawa da mutane kamar kullum, wasu suna amsawa, wasu suna duban ƙasa.

Wurin da aka ba Kawu a takarda can gefe ne, ƙarƙashin wata bishiya tsakanin masu tukwane da inda ake ɗaure jakuna. Mun tarar an riga mu. Samari ne na jam'iyyar su Baba, wasu da gora a hannu, ɗaya da ganga don a danne murya. Akwai ɗan doka guda a tsaye nesa kaɗan, yana kallon wani wuri dabam. Teloli 'yan jam'iyyar Kawu sun rakuɓe a bayan bishiya.

Na shimfiɗa tabarma. Baba bai zauna ba. Ya tsaya kamar yadda yake tsayawa kusa da dilar atamfa, ya ɗaga hannu.

"Jama'a, kun san ni, kun san ubana. Wanga baƙona ne, ga kayanshi ya kawo. Ban ce ku saya ba. Ni kaina ba ni saye, na duba na ga ba su da kyau." Aka yi dariya. "Amma a kasuwar ga ba a taɓa kayan baƙo mai masauki shina tsaye. Wanda bai so ya wuce. Wanda ya taɓa, ni ya taɓa."

Kawu ya hau kan wani turmi da aka kifa, ya sa bututunsa a baki. Bai gama sallama ba mai ganga ya fara bugawa. Sai wani ɓangaren busasshiyar laka ya taso daga cikin samarin, ya wuce Kawu, ya fashe a kafaɗar Baba. Wuri ya yi tsit, har gangar.

Baba ya kakkaɓe rigarsa a hankali. Ya dubi samarin ɗaya bayan ɗaya.

"Ba wanda ban san ubanshi ba a nan. Kai, ɗan mahauci, ina gaida tsohonka, ka ce mashi hannunka ya ƙware. Kai kuma mai ganga, ranar sunanka ni na raba goro. Matso nan gaba ku ji da kyau, don ku san abin da za ku mayar mashi. Haka anka yi gardama, ba da laka ba."

Ba su matso ba, amma ba su sake jifa ba. Kawu ya fara. Ya yi maganar haraji, da aikin hanya da ake kwasar mutane ba lada, da jangalin shanu, da yadda talaka yake cire takalmi ya durƙusa tun daga nesa in ya hango mai mulki.

"Kai ma da ka zo gidana ka cire naka," in ji Baba, da ƙarfi, ba bututu.

"Don ina so na cire, Maigida, ba don tsoron bulala ba!"

"To wa ya hana ka son manya?"

"Su sunka hana, da halinsu!"

Kasuwa ta ɗauki ihu. Daga nan laccar ta zama ta mutum biyu. Kawu ya ce jagoransu talakawa ke sonsa, Baba ya ce to talakawan su fito mu gani, ko duk suna bayan bishiya. Teloli suka fito suna dariyar kunya. Kawu ya ce a ƙauyuka mutane suna ɓoye bajonsu a cikin hula don tsoro, ranar zaɓe za a sha mamaki. Baba ya ce abin da ke cikin hular mutanen ƙauye ya sani, ƙwarƙwata ce. Kawu ya ce to ko ita ta gaji da mulkinku. Masu tukwane suka bar tukwanensu, mutanen Konni da suka zo cin kasuwa suka matso, Fulani suka jingina da sandunansu suna kallo. Mai ganga ya rataye gangarsa, don in ya buga ba zai ji amsar Baba ba. Duk lokacin da Baba ya mayar da magana samarin su yi shewa, in Kawu ya rama sai ka ji wasu daga baya, waɗanda ban zaci za su yi ba, sun yi gyaran murya mai kama da dariya.

Ban san ko Kawu ya sami mutum guda a ranar ba. Abin da na sani ya faɗi duk abin da ya zo faɗa, har ƙarshe, ya sauko daga turmi da ƙafarsa. Muka koma gida yadda muka zo, Baba a gaba. A zaure Kawu ya ce muryarsa ta dushe, rabin laifin na Maigida ne. Baba ya ce a kawo masa kunun kanwa.

Ya ƙara 'yan kwanaki yana zaga Araba da Lafani da Garu a kan kekensa. Kowace safiya Baba yakan gaya masa gidan da zai nema a ƙauyen in ƙishi ya kama shi, ya kuma ƙara da cewa kada ya ɓata wa mutanen kirki tunani. Daga nan ya hau mota ya koma Gusau.

Abin da dattijon ya faɗa kuwa ya tabbata. Asabar ta zo, ranar da shanu kan shigo gari don kasuwar Lahadi, filin da ke bayan gidanmu inda ake tsayar da shanu ba ko ɗan maraƙi. Wata Asabar ta sake zuwa, haka. Muna jin kukan shanu suna wucewa ta wata hanya zuwa wasu gidaje. Kashin shanun da ke filin ya bushe har yara suka kwashe don wuta. Inna ta sauke babbar tukunya ta ɗora ƙarama. Baba yakan zauna a zaure da rigarsa ta kasuwa tun safe, kamar mai jiran wani. In na karanta masa jarida ba ya cewa in maimaita ko'ina.

Ranar zaɓe ya tafi da wuri, ni na raka shi na tsaya daga waje don shekaruna ba su kai ba. Layi ya yi tsawo, da 'yan kasuwa da manoma da makiyaya, kowa riƙe da 'yar takardarsa kamar za ta tashi. Na ga telolin nan a layi ɗaya da samarin da suka zo da gora. Baba ya shiga, ya fito, ya ce mini ɗakin ba kowa sai kai da akwatuna, abin har da ban tsoro. Da sakamako ya fito jam'iyyarsa ce ta ci a wajenmu, da rata mai yawa. Aka yi ta kiɗa a ƙofar manyan gari da rana tsaka. Ba wanda ya aiko a kira Baba. Ya saurara daga zaure, ya ce alhamdu lillahi, ƙasa ta tsira daga hannun masu keke. Amma muryarsa ba ta kai ƙofa ba.

Hutuna ya kusa ƙarewa, har na fara tunanin ko in ce a bar ni gida, ko da yake ban san abin da zamana zai ƙara ba. Sai wata Asabar da hantsi muka ji ƙaho yana gogar katangar baya, da muryar wani yana tsawata wa dabbobi da Fulatanci. Kafin mu tashi an yi sallama. Wani Arɗo ne, tsohon baƙon Baba, dogo, siriri, da malfa da sanda a kafaɗa. Yana kasuwa ranar laccar, amma zuwansa na bayan nan wani gida aka kai shi.

Ya zauna, aka gaisa, aka tambayi shanu da iyali da ruwa. Sannan ya ce, "Maigida, an ce mini gidanka akwai fitina."

"Haka anka ce."

"Na tafi inda anka kai ni. Mai gidan ya sayar mini da bijimi kafin in gama alwala, ya ce ciniki ya faɗa. Ban ga mai saye ba, ban ji tayi ba." Ya girgiza kai. "Sai na tambaya, wace irin fitina ce gidan wane? Anka ce manya sun ce ka kori baƙo, ka ƙi. Na ce to, sai mi? Anka ce shi ke nan. Na ce ai wannan ina wurin, na gani da idona, har laka anka jefe ka."

"Ba ta yi zafi ba," in ji Baba.

"Ni ban san jam'iyya ba. Amma ni baƙo ne duk inda na tafi. Wata rana saniyata za ta shiga gonar wani babba, a zo a ce ma mai masaukina ya fitar da ni. Na kwana ina tunanin wane gida nike so in kasance ranar nan." Ya nuna bayan gida da sandarsa. "Na gaya ma 'yan'uwana na wajen Garu. Wasu sun ji tsoro, ba su zuwa. Biyu suna tafe bayana."

Baba ya sunkuyar da kai yana gyara bakin tabarma, wadda ba abin da ya same ta. Ba duka baƙinmu suka dawo ba, wasu har abada, kuma an daɗe kafin a sake kiransa shawara a jam'iyya. Amma a wannan safiya ba wanda ya tsaya lissafin waɗanda ba su zo ba.

"Af, Maigida," in ji Arɗo, "zaɓen nan naku, wa ya ci?"

"Mu munka ci."

"Madalla. An rage jangali?"

"Tukuna."

"To. A buɗe mana baya, shanu sun sha tafiya."

Baba ya miƙe ya fita da sauri, ya bar takalmansa a zaure. Ina jinsa yana kiciniyar janye ƙyauren baya, yana ƙwala wa Inna kira a kawo guga da igiya.